Ka aiki yaro bai dawo ba: abin da ke sa GDB yin shiru a cikin rumbun bayanai

Lissafin kasuwancin Tamale ya daɗe da fara ƙaura daga littafi mai bangon kwali zuwa cikin kwamfuta. Dillalan masara da waken soya na kasuwar Aboabo, masu tara kaɗanya daga ƙauyukan Savelugu da Walewale, shagunan magani, makarantun kuɗi, har ƙungiyoyin susu na mata, da yawansu yanzu akwai wani matashi a bayansu da ya haɗa musu manhaja. Tun da MTN ta fara harkar kuɗin waya a Ghana a 2009, kuɗi ya riga takarda shiga na'ura, dole lissafi ya bi shi.

Matasan nan, waɗanda suka fito daga UDS da Jami'ar Fasaha ta Tamale da waɗanda suka koya da kansu, cikinsu har da yaran Zangonmu, sukan ɗora aikinsu a kan rumbun bayanai mai suna PostgreSQL. Kyauta ne, kuma tsohon hannu ne. Asalinsa wani aikin bincike ne da Michael Stonebraker ya jagoranta a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley tun 1986, sunan da muka san shi da shi yau kuwa a 1996 ya samu. Yawancin masu amfani da shi a bakin ƙofa suke tsayawa, su miƙa tambaya su karɓi amsa. 'Yan kaɗan ne zuciya ke ja su buɗe injin su ga abin da ke juyawa a ciki, kuma su ne ke gamuwa da matsalar da nake son yin magana a kai. Ka shiga cikin rumbun da manhajar farautar kuskure, ka ba ta umarni guda, sai allo ya yi tsit. Babu amsa, babu saƙon kuskure, ɗan tsinken nan ne kawai ke ƙiftawa.

A irin wannan lokaci hannu yakan riga tunani. Abin da mutum ya danna a minti biyun farko shi ke yanke ko za a tashi lafiya, ko kuwa za a jefar da duk wanda ke aiki a kan sabar, har da yarinyar da ke tsakiyar shigar da kuɗin buhu 40.

Tafinta a cikin rumbu

Idan ka rubuta wa PostgreSQL tambaya da yaren SQL, misali ka ce ya tara maka kuɗin da aka biya kowane mai kawo kaya a watan jiya, ba ya rugawa ya hau nema. Sai ya warware jimlar, ya auna hanyoyin da zai iya bi, ya zaɓi wadda ta fi araha a ƙiyasinsa, ya zana taswirar aiki mai rassa kamar bishiya. A da, yana bin taswirar ne yana sake fassara kowane sharaɗi a kan kowane layin bayani, kamar tafintan kotu da aka sa ya maimaita jimla ɗaya ga mutum dubu. Daga fitowa ta 11, a watan Oktoban 2018, aka saka masa kwamfaila a ciki, wato mai mayar da waɗannan sharuɗɗa zuwa yaren inji tsantsa sau ɗaya, sannan a saki injin ya yi gudu. Sunan dabarar JIT, ma'anarta fassara a daidai lokacin buƙata.

Andres Freund ne ya yi jigon aikin, ya gina shi a kan LLVM, wani babban kayan haɗa kwamfaila da aka fara a Jami'ar Illinois a shekarar 2000. Shi ne kuma mutumin da a watan Maris na 2024 ya gano ƙofar baya da aka dasa a manhajar xz, bayan ya lura cewa shiga wata na'ura ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Irinsa ba sa barin jinkiri ya wuce ba su tambaye shi dalili ba.

Fassarar nan tana cin lokaci. Shi ya sa sai ƙiyasin nauyin tambaya ya haura 100,000 a ma'aunin PostgreSQL kafin kwamfailan ya farka, idan ya haura 500,000 kuma sai ya ƙara da wasu gyare-gyare masu tsada fiye da na farko. Daga fitowa ta 12, a 2019, aka fara kawo shi a kunne. To, ƙiyasi dai ƙiyasi ne. Idan rumbun ya zaci aikin babba ne alhali ƙarami ne, sai a ɓata daƙiƙu wajen fassara abin da da an bi shi da ƙafa an gama tuni.

Wannan ce ta sami wani ƙanen abokina da ke kula da na'urar wani dillalin hatsi. Rahoton ƙarshen wata da ke fitowa nan da nan ya koma yana jan ƙafa bayan an hau sabuwar fitowa. Yaron ba rago ba ne. Ya sa "EXPLAIN ANALYZE" a gaban tambayar, ya ga a ƙasan sakamakon cewa sashen JIT ne ya cinye mafi yawan lokacin. Ya kuma san cewa umarni guda, "SET jit = off", ya isa ya kashe maganar. Amma kamar yadda ya gaya min daga baya, "Malam, na san maganin, cutar nake so in gani da idona." Wannan hali ina son sa, da shi ake zama gwani. Inda muka rabu shi ne wurin da ya zaɓa ya yi kallon: na'urar shagon mai rai, da la'asar, masu kawo kaya suna layi.

Waya ta yi ƙara. "Malam, GDB ya mutu. In kashe shi?" Na ce kada ya taɓa komai, ya buɗe wata taga daban ya jira ni a waya.

Karanta abu daban, aika yaro daban

GDB ita ce dibagar, manhajar farautar kuskure da Richard Stallman ya fara rubutawa a 1986. A Linux tana kama shirin da ke gudana ta hanyar da ake kira ptrace, ta tsayar da shi cak, ta ba ka damar leƙa ƙwaƙwalwarsa. PostgreSQL kuwa tsarinsa na gida ne: akwai mai gida da ake kira postmaster, duk wanda ya haɗu da rumbun sai a ba shi ma'aikaci nasa shi kaɗai, dukkansu kuma suna tarayya a kan wata ƙwaƙwalwa guda kamar tsakar gida. Da "select pg_backend_pid()" kake sanin lambar ma'aikacinka, da "gdb -p" da lambar kake kama shi.

Yaron ya yi haka. Ya dasa shinge a wurin da ake fara aiwatar da taswirar, ya saki tambayar, ma'aikacin ya zo ya tsaya a shingen. Daga nan ya so ganin bishiyar gaba ɗaya, sai ya buga "call pprint" a kanta. Nan allo ya yi shiru.

Mutane da yawa suna ɗauka duk abin da suka buga wa GDB kallo ne kawai. Idan ka ce ta nuna maka abin da ke cikin wani gurbi, ita da kanta ke miƙa hannu ta karanto, shirin yana kwance bai ma sani ba. Amma shiri cike yake da ƙananan ayyuka masu suna, waɗanda masana ke kira fankishin, ni kuwa 'yan aike nake ce musu: ka ba shi saƙo, ya je ya dawo da amsa. GDB ba ta iya yin aikin ɗan aike da kanta. Abin da take yi shi ne ta adana halin da ma'aikacin yake ciki, ta cusa masa saƙonka, ta dasa shinge a inda zai dawo, ta tashe shi ta ce tafi. Daga nan sai ta zauna jira. Ba za ta sake ba ka bakin magana ba sai ya dawo ya taka shingen. Ko "print" ka buga, muddin akwai sunan ɗan aike da baka biyu a bayansa, aike ne.

Saboda haka, a mafi yawan lokuta, shirun nan ba mutuwa ba ce. Wani ne ke jiran wani. Ka kuma tuna yadda aka ɗauki ɗan aiken: an tsayar da shi ne a tsakiyar wani aiki, duk abin da ke hannunsa da aljihunsa yana nan, ga shi an tura shi wani aikin daban.

Dalilin da ya sa na hana shi kashewa

Idan ka kashe ma'aikaci guda da "kill -9", mai gidan ba shi da hanyar sanin ko mamacin ya bar ɓarna a tsakar gidan. Don haka sai ya kori kowa, ya share ƙwaƙwalwar tarayyar, ya sake gina halin rumbun daga littafin da ake kira WAL. Abin da aka riga aka tabbatar yana nan daram. Abin da ake tsakiyar shigarwa kuwa ya tafi. A shago irin wannan, ana iya tura wa manomi kuɗinsa ta waya, layin da zai shaida hakan a rumbu ya ɓace. Gobe idan lissafi ya ƙi haɗuwa, babu wanda zai tuhumi GDB. Yarinyar da ke kan teburi za a kalla.

Kashe GDB ɗin kanta ma ba mafita ba ce, ko da yake mutane suna ganin ta fi sauƙi. Yayin da ɗan aike ke kan hanya, shingayen da ta dasa suna nan a jikin ma'aikacin, kuma ita kaɗai ke riƙe da bayanin inda ya tsaya tun farko. Idan ta mutu, zai ci gaba da tafiya, ya dawo ya taka shingen da babu mai gadinsa, ya faɗi. Mai gida kuma zai yi abin da ya saba yi idan ma'aikaci ya faɗi. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Harafi ɗaya ya isa ya nuna hanya

Tambayar farko ita ce wa ke jiran wa, kuma amsarta ba a cikin GDB take ba. A taga ta biyu na sa ya buga "sudo ps -o pid,stat,wchan -p" da lambar ma'aikacin. Wasu sukan ruga ga strace, amma ba za ta kama ba, domin Linux ba ya barin masu bin sawu biyu su riƙe shiri ɗaya. Abin dubawa shi ne harafin farko a ƙarƙashin "STAT". Ƙaramin t na nufin dibaga ce ta tsayar da shi. R na nufin yana gudu. S na nufin yana barci yana jiran wani abu, gurbin da ke kusa da shi kuma yakan faɗi abin da yake jira.

Ya karanta min: S, sai wani suna mai kalmar "pipe" a ciki. Na ce to, koma GDB ka danna Ctrl-C. Wannan dannawar a cikin GDB ba ta da haɗari, domin a tsarinta na asali tana riƙe siginar ba ta miƙa wa shirin. Bakin magana ya dawo. Ya buga "bt", wanda ke jero sawun kira daga inda aka tsaya zuwa tushe, sai ga "write" a can sama, "pprint" a ƙarƙashinsa, sannan layin da GDB ke sa wa alamar cewa ita ce ta yi aiken.

Ashe pprint ba a allon GDB yake rubutu ba. Yana zuba abin da ya samo ne ta bakin sabar, inda rahotanninta ke fita. Ran nan da safe wuta ta ɗauke, da ta dawo sai yaron ya tayar da sabar da hannu a wata taga, ya haɗa bakinta da manhajar less don ya karanta saƙonnin farfaɗowa a tsanake, ya bar tagar a haka ya shiga wasu ayyuka. Bututun da ke tsakanin shirye-shirye biyu a Linux bait 65,536 yake ɗauka. Ita less ba ta jan rubutu sai gwargwadon abin da za ta nuna. Bishiyar rahoton da ya haɗa teburori da yawa kuwa ta ninka wannan bututu. Ya cika, mai rubutu ya tsaya da sauran a hannu yana jiran a rage.

Abin da ya ɗan tayar min da hankali shi ne duk ma'aikatan gidan bututun nan guda suke amfani da shi. Duk wanda ya so rubuta ko layi ɗaya na rahoto a wannan lokaci, shi ma zai maƙale. Da an ƙara jimawa, da shagon ya tsaya ɗaya bayan ɗaya ba tare da wani ya san dalili ba.

Maganin bai kai minti ɗaya ba. Ya je tagar less ya danna babban F, ta fara shanye bututun. Ya dawo GDB ya ce "continue", ɗan aiken ya ƙarasa ya taka shingensa, GDB ta mayar da ma'aikacin inda yake tun farko, ya buga "detach". Na ja masa kunne a kan abu guda: kada ya kuskura ya danna Ctrl-C a tagar less ɗin. A can siginar har mai gida za ta kai, shi kuwa a wurinsa ma'anarta a rufe gida da gaggawa. Sai da aka tashi daga kasuwa ya sake tayar da sabar yadda ya kamata, rahotonta na zuba a fayil.

Mabuɗi a aljihun wanda aka aika

Bututu cikakke ya zo da sauƙi. Wanda ya fi wahala shi ne na kwaɗo, kuma shi ne ya fi cin masu tono a cikin rumbunan bayanai.

Ma'aikata da yawa a tsakar gida ɗaya dole su riƙa kulle abin da suke taɓawa. PostgreSQL yana da kwaɗo iri uku. Manya su ne na teburori da layuka. Waɗannan suna da mai sa ido: idan jira ya kai daƙiƙa 1, sai a duba ko wasu ne suka riƙe wa juna wuya, idan haka ne a soke ɗaya. Matsakaita, waɗanda ake kira LWLock, su ke tsare shafukan bayani a ƙwaƙwalwa, kuma babu mai sa ido a kansu, an dogara ne ga cewa marubutan shirin suna ɗaukar su a jeri mai kyau. Kai da ka tsayar da ma'aikaci a tsakiyar hanya ka aike shi wani wuri, ka karya wannan jerin. Idan ya riga ya kulle wani shafi, aiken da ka ba shi kuma yana buƙatar shafin nan, zai je ya tsaya a ƙofar yana jiran mai mabuɗi ya buɗe, alhali mabuɗin na cikin aljihunsa. Zai kwana a nan. Ko soke tambaya ka aika masa ba zai kula ba, domin a irin wannan jira ba ya sauraren sokewa. Idan "bt" ya nuna "LWLockAcquire" a sama, abin da ya faru ke nan, ko kuma wani ma'aikacin da ka tsayar a wata tagar GDB ne ke riƙe da mabuɗin.

Ƙananan, masu suna spinlock, sun fi kowa zafin rai. An yi su ne don riƙo na ƙiftawar ido. Idan ka tsayar da ma'aikaci yana riƙe da ɗaya, sauran da ke buƙatarsa za su yi ta gwadawa, bayan minti ɗaya ko biyu su yanke cewa gida ya lalace, su yi kururuwar da ke sa a sake tayar da komai. A nan ko aike ba ka yi ba, tsayuwar kaɗai ta isa.

Sai kuma aikin gayya. Tun fitowa ta 9.6, a 2016, babbar tambaya na iya samun mataimaka, kowane ma'aikaci ne mai lambarsa. Tambayoyin da ke tayar da JIT su ne dai masu nauyin da ke jawo mataimaka, don haka sukan zo tare. Ka tsayar da mataimaki, jagora ya zauna jiran sakamakonsa, ka tsayar da jagora, mataimaki ya cika akwatin saƙo ya tsaya. Mai bincike ya rage wa kansa wahala da "SET max_parallel_workers_per_gather = 0" kafin ya fara.

Masu aiki da MySQL ko MariaDB ko DuckDB nasu ya ɗan bambanta, domin su shiri ɗaya ne mai zaruruwan aiki da yawa a ciki. Mutane sukan buga "set scheduler-locking on" don sauran zaruruwa su daina motsi su bar su su yi nazari. Da ka yi aike a wannan hali, idan mabuɗin da ake buƙata na hannun zaren da ka daskarar, shi ke nan. Akwai ma tarkon da ba a gani: idan ka miƙa wa ɗan aike rubutu a cikin alamar zance, GDB sai ta fara kiran malloc a cikin shirin don ta sami inda za ta ajiye rubutun. Idan kwaɗon malloc a kulle yake, aiken ya maƙale tun bai fara ba. Haka masu sa sharaɗi a kan shinge da strcmp, kowace tsayawa aike ce a ɓoye. GDB tana da nata "$_streq" da ke kwatanta rubutu ba tare da ta tashi shirin ba.

Idan harafin R ne kuma furosesa na ci da wuta, yawanci bishiyar da ba a gama ginawa ba aka ba ɗan aike, ko adireshin da ba na bishiya ba, yana ta zagaye. Ctrl-C da "bt" sau biyu ko uku za su nuna da'irar.

Lokacin da laifin na layin intanet ne

Saura ƙaramin t, kuma wannan namu ne mu na Arewa. Ma'aikaci na tsaye, amma GDB ba ta ba ka baki ba, wato ita ce ke cikin hidima. PostgreSQL ba ya ɗauko LLVM sai lokacin da aka fara buƙatar kwamfailan, laburaren kuwa ya kai kusan megabait 100. Da ya shigo, GDB za ta tsayar da komai ta karanta sunayen da ke ciki, a tsohuwar laftof mai faifai mai juyawa kuwa wannan ba ƙaramin jira ba ne. Idan ka kunna "jit_debugging_support" don ka ga sunayen abin da kwamfailan ya ƙera, duk sanda ya fitar da sabon kaya sai ta sake tsayawa ta karanta.

Tun fitowa ta 10, a 2020, GDB ta iya sauko da bayanan bincike daga intanet ta hanyar debuginfod, kuma Fedora da Debian da Ubuntu duk suna da sabar wannan aiki. Takan tambaye ka sau ɗaya a farko, ka amsa da y ba ka ma karanta ba. Wanda ke zaune a Jamus ba zai ji komai ba. Kai da ke Sakasaka ka jona laftof da wayarka, sai ka iske tana jan bayanan LLVM, waɗanda suka fi laburaren kansa girma, datarka na ƙonewa, ma'aikacin rumbun kuma na tsaye riƙe da duk abin da ya riƙe. Wanda ya ga ranar 14 ga Maris, 2024, kwanaki kaɗan da shiga azumi, lokacin da wayoyin ƙarƙashin teku na WACS da MainOne da SAT-3 da ACE suka yanke ƙasar nan ta shiga duhun intanet, ya san bai kamata aikin da ke kan teburinsa ya rataya a kan sabar da ke wata nahiya ba. A sa "set debuginfod enabled off", a sauko da fakitin bayanan binciken da ake buƙata tun da wuri, lokacin da layi ke da kyau.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Abin da yaron ya so gani, PostgreSQL na iya nuna shi ba tare da dibaga ba. A kunna "debug_print_plan", a sa "client_min_messages" a kan log, bishiyar za ta fito a allon mai tambaya. Wanda kuma yake son ya taka cikin kwamfailan mataki-mataki, ya haɗa nasa PostgreSQL a laftof ɗinsa da "--enable-debug" da "--enable-cassert" da "--with-llvm", ya cika shi da bayanan bogi masu yawan na gaske. A can in ya fasa, kansa ya fasa wa. Idan furosesarsa ta dace, akwai rr da Mozilla ta fitar a 2014, mai naɗar gudun shiri a maimaita shi gaba da baya. Aiken da ka yi a cikin maimaici ba ya taɓa rumbu mai rai.

Idan ta kama dole a leƙa na'ura mai rai, umarnin gcore na ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar ma'aikaci ya sake shi, ka je ka yi nazari a gefe. A cikin hoto ba a iya aike, don haka babu maƙalewa. Sai dai hoton nan na iya ƙunsar sunayen mutane da lambobin wayarsu da bashin da ake bin su. Dokar Kare Bayanai ta 2012, wato Doka ta 843, ta hau kan wanda ke riƙe da irin wannan, kuma ko ba doka, amana ce. Na sha ganin matasa suna jefa irin waɗannan fayiloli a zauren WhatsApp suna neman taimako. Sawun da "bt" ya fitar ya ishi mai taimako, shi ma a karanta shi a goge abin da ya shafi mutane kafin a tura.

Sauran kuwa layuka ne kaɗan a fayil ɗin .gdbinit. Tun fitowa ta 9, a 2020, akwai "set may-call-functions off", wanda ke hana GDB yin kowane irin aike, na fili da na ɓoye. A na'urar da ake kasuwanci da ita, ni wannan nake sawa farko. Ana ƙara "handle SIGUSR1 nostop noprint pass", domin ma'aikatan PostgreSQL suna yi wa juna wannan sigina, kuma idan ta faɗo a tsakiyar aike takan katse shi.

Fitowa ta 15, ta watan Yulin 2024, ta kawo abin da aka daɗe ana nema, wato wa'adi. "set direct-call-timeout" na ƙayyade daƙiƙun da za a jira aiken da ka buga da hannunka. A asali ba shi da iyaka, sai ka sa da kanka. "set indirect-call-timeout" na kula da aiken da ke cikin sharaɗin shinge, shi an ba shi daƙiƙa 30. Da "set unwind-on-timeout on" kuma, idan wa'adi ya cika GDB za ta janyo ma'aikacin ta mayar da shi inda ya tsaya. A lura da iyakar wannan janyowa: matsayinsa take mayarwa, ba ta goge abin da ɗan aiken ya riga ya rubuta a ƙwaƙwalwa, ba ta kuma buɗe kwaɗon da ya kulle a hanya. Ubuntu 22.04 da GDB 12 yake zuwa, Debian 12 kuwa da 13, dukkansu ba su san wannan wa'adi ba. Kafin ka dogara da shi, buga "gdb --version" ka ga wadda ke hannunka.